Abin da kifin arowana ya koya min a wajen aiki

Kusan shekara uku na yi ina bin gidajen mutane ina gyara musu tankin kifi na gilas, irin wanda ake ajiyewa a falo dan ado, kuma cikin duk kifayen da na yi ɗawainiya da su babu wanda ya ba ni wuya kamar arowana ɗin nan mai sheƙi kamar azurfa. Asalinsa kogunan yankin Amazon ne a Kudancin Amurka, dogo ne falale kamar takobi, baki ya kalli sama, ga wasu gemu guda biyu a leɓen ƙasa.

Matsalar tun wajen saye take farawa. Mutum zai ga ɗan mitsitsin kifi bai wuce tsawon yatsa ba, wani ma da jakar ƙwai tana reto a cikinsa dan ba a daɗe da ciro shi daga bakin ubansa ba (eh, namijin ne yake riƙon ƙwan a baki na wajen sati shida), sai ya ji ya burge shi ya saya ya jefa a ɗan ƙaramin tanki. To wannan ɗan abun a shekarar farko yana iya ƙara santimita 5 duk wata, babbansa kuma yana kai santimita 90, ya shekara 10 zuwa 15 a hannunka in ka iya da shi. Babba yana buƙatar tanki mai cin lita wajen 950, kuma faɗin ya fi zurfin muhimmanci dan ya samu wajen juyawa. Na sha ganin wanda haɓarsa ta yi kanta gemun ya gutsure saboda gogar gilas.

Amma babbar kunyar da na sha ba ta girman tanki ba ce. Ina sabon shiga aka bar ni ni kaɗai in gyara wani tanki, ni kuma dan in burge sai na kwashe soson filta (na'urar da ke tace ruwan tankin) kaf na kai bakin famfo na wanke su fes har suna ƙyalli, na zubar da fiye da rabin ruwan na cika da sabo. Ruwa garau kamar ka sha. Bayan 'yan kwanaki maigidan ya kira wai kifi ya ƙi cin abinci, ya maƙale a lungu yana ta haki. Muka je da ogana, wallahi ko kallon kifin bai tsaya yi ba, ya ɗebi ruwa a 'yar kwalba ya ɗiga maganin gwaji, muna tsaye ruwan ya tashi daga rawaya ya koma kore. Ya juyo ya ce "kai yaro, da wane ruwa ka wanke soson nan?" Na ce na famfo oga. Ya ce "to ka kashe ma'aikata ka bar maigida cikin ƙazanta."

A mota ya yi min bayani. Kashin kifi da ragowar abinci ammoniya suke zama, guba ce mai ƙona kunnuwan da yake numfashi da su, akwai wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani da suke zaune cikin soson nan su ne ke juya ammoniya ta koma naitirait, wasu su ƙara juya shi ya koma naitiret mai sauƙin illa wanda canjin ruwa ke ragewa. Kulorin ɗin famfo kuma kashe su yake yi, kuma kafin su kafu a sabon tanki sai an ɗau sati huɗu zuwa shida. Dauɗar da na wanke ashe ita ce ke riƙe da ran kifin. Kullum sai da na koma gidan ina canza ruwa kaɗan-kaɗan har ya dawo cin abinci. Tun daga ranar a bokitin tsohon ruwan tanki nake matse soso, ruwa kuma kwata nake canzawa duk sati, da maganin kashe kulorin, zafi tsakanin digiri 24 da 28. Yanzun ko an ce min kifi ba lafiya, kwalbar gwaji nake fara cirowa kafin maganar magani.

Sai tsalle. A daji yana iya tashi kusan mita 2 ya cafko ƙwaro a reshe, shi ya sa a can ake masa laƙabi da birin ruwa. A falo kuwa kunna fitila farat ɗaya cikin dare ya isa ya firgita shi ya daki murfi. Akwai wanda aka tsinta da safe a bayan kujera ya bushe ƙamas, ta ɗan gibin da tiyon filta ke shiga ya fice, gibin da sai ka rantse ba zai wuce ba. Murfi mai nauyi, a ɗaure shi, a toshe kowace kafa.

Abinci ma ana ɓarna. Mutane na son kallon yadda yake cafke ƙananan kifaye masu rai, amma su ne ke shigo da wata cuta mai fito da fararen ɗigo-ɗigo a jikin kifi, irin jajayen kifin adon nan da ake kira goldfish kuma akwai wani sinadari a jikinsu da ke lalata bitamin B1. Ni dai na fi yarda da dunƙulen abinci mai yawo a saman ruwa, a riƙa sirka masa da jatan lande da gyare.

Wanda har yau masu kiwo ke musu a kai shi ne faɗuwar ido, idon ya karkace yana kallon ƙasa ya ƙi komawa. Wasu su ce kitse ne ya taru a bayan idon, wasu su ce yawan leƙen ƙasan tanki ne, wasu su ce buguwa ce ko gado. Akwai wata hajiya da nata ya kamu a ido ɗaya, muka rage masa maiƙo, muka rufe gefen gilas, har 'yar ƙwallon tebur muka jefa a saman ruwa ko zai riƙa ɗaga ido. Wata huɗu ina zuwa gidan, yana cin abincinsa lafiya lau, ƙwallon tana yawo a samansa, idon hagun yana nan yana kallon tsakuwa.