Nauyi a gaba: sana'armu ta kibiya da abin da na fahimta game da harsashi

Ni dai sana'ata haɗa kibiya ce, ina da 'yar maƙera da yaran da muke aiki tare, mafarauta su ne manyan kwastomominmu sai kuma 'yan baka da ke fita hawan sallah. Mutane na ɗauka aikin ƙarfen ne kawai, a ƙera kai mai kaifi a sa masa kunne shi kenan, amma wallahi rabin aikin yana wajen kyauro da kuma inda nauyin ya zauna.

Kibiyarmu ta Hausa ba ta da gashin tsuntsu a gindi irin ta Turawa, to tunda ba abin da zai riƙe mata iska ta baya dole ƙarfen gaba shi zai ja ta, kyauron mara nauyi ya biyo. Shi ya sa duk wadda aka gama ɗaurewa da jijiya sai na ɗora ta a kan ɗan yatsa na ga inda ta tsaya cak, in ta tsaya a tsakiya ban yarda da ita ba, sai ta tsaya can gaba kusa da ƙarfen. Kyauron kuma sai an gasa shi a bakin wuta a hankali ana miƙarwa ana juyawa ana leƙawa da ido ɗaya, don ɗan karkata kaɗan ya isa ta riƙa kaɗa gindi a iska. Kuma wanda zai zo ya ce a yi masa ƙaton kai don ya burge, ina gaya masa gaskiya, yallaɓai in kai ya fi ƙarfin kyauron da bakanka lanƙwashewa za ta yi tun daga tsirkiya kuma ba za ta yi nisa ba.

Wani tsohon soja da ke sayen kibau wajena shi ya fara buɗe min ido a kan harsashi, daga nan na bi na karanta a intanet, sai na ga ashe shi akasin namu ne. Harsashin bindigar zamani bakinsa siriri ne, dalmar da ke cikin rigar jan ƙarfen ta fi yawa ta baya, wato nauyinsa yana bayan wurin da iska ke tura shi, a ƙa'idar kibiya yana fita ya kamata ya wuntsila gindi ya koma gaba. Abin da ke hana shi shi ne juyi, cikin bututun bindigar akwai zane a murɗe da ke kama harsashin ya murza shi, kamar dai mazarin kaɗi da yake tsaye ƙyam muddin yana juyawa. Na AK-47 zanen yana cika zagaye ɗaya a kowane milimita 240, harsashin na fita yana juyi kusan sau 3,000 a daƙiƙa ɗaya, abin mamaki.

Inda ya fi burge ni shi ne tsawo ya fi nauyi muhimmanci wajen yawan juyin da ake buƙata. Wani malamin lissafi a Ingila, Greenhill, ya fitar da lissafin tun 1879, harsashi in ya ƙara tsawo sai an ƙara matse murɗar. Sojojin Amurka sun yi amfani da bindigar M16 mai zagaye ɗaya a inci 12, da aka koma dogayen harsasai a farkon shekarun 1980 sai aka mayar da shi zagaye ɗaya a inci 7. In juyin bai kai ba harsashin a gicciye yake isa, a takardar gwaji ramin sai ya fito dogo maimakon kewayayye. Kuma in dalmar ta fi yawa a gefe guda ko da kaɗan ne, juyin da kansa shi zai sa ya kauce.

Amma fa dabarar nauyi a gaba ba ta ɓace ba ko a wajen masu bindiga. 'Yar dalmar bindigar iska kanta a cike yake gindinta kuwa rami ne a buɗe, iska ta ja gindin baya kan ya wuce gaba, haka ma dunƙulallen harsashin da ake harbawa a bindiga mara zane a ciki, ainihin tsarin kibiyarmu kenan.

Da na gane haka sai na sayo ƙaramin sikeli irin na masu gwal, yanzu kowane kai sai an auna shi kafin a ɗaura, masu nauyi ɗaya su ake haɗawa a kwari ɗaya, don maharbi in hannunsa ya saba da guda sauran ma su faɗi wuri ɗaya. Yana cin lokaci kuma ƙarfe ya yi tsada, yaran ma har ƙorafi suke in oda ta yi yawa gab da sallah, amma ban bari a tsallake awon nan ko da kwari ɗaya ne za a kai ƙauye.