Kwana Bakwai Ba Magana

A farkon 2021 na shiga ajin nazarin Littafi Mai Tsarki da ake yi ranar Laraba da marece a majami'armu a nan Tawa. Ba mu da yawa: malaman lakwal biyu, tela ɗaya, wani tsohon soja, da mata ƴan zumunta. Baba Fasto ya ce littafin Ayuba za mu bi, sura 42 ɗin nan duka, ba tsallake. Na ce a raina wannan ai tuwona maina ne. Mutum ya yi haƙuri, Allah ya ninka masa dukiya, shi ke nan. Haƙurin Ayuba ko maƙwabtanmu Musulmi suna buga misali da shi.

Abin da ban taɓa lura da shi ba, Ayuba mai dabbobi ne irin na arewacinmu, tumaki 7,000, raƙuma 3,000. Kuma mahara ne suka buɗe masa ƙofar masifa. Sabiyawa suka kwashe shanu da jakuna, Kaldiyawa suka rabu kashi uku suka kore raƙuma, suka karkashe barori da takobi. Muna tsakiyar littafin ne, ranar Lahadi 21 ga Maris, ƴan bindiga a kan babura suka faɗa wa Intazayene da Bakorat da Wistane a yankin Tillia, cikin jiharmu. Gwamnati ta ce mutum 137 aka kashe, aka yi kwana uku na makoki a ƙasa baki ɗaya.

Larabar da ta biyo, ba wanda ya yi saurin buɗe littafi. Tsohon sojan ne ya fasa shirun. Ya ce, "Baba, waɗanda suka yi wannan aika-aika sun koma sun ci sun sha sun kwanta. Ina shari'ar Allah?" Ni kuwa da zumuɗin ɗalibi na karɓe zancen. Na ce Allah ba ya zalunci, wataƙila zunubanmu ne a ƙasar nan suka yi yawa har ya bar wannan ya same mu.

Baba Fasto bai musa mini ba. Cewa ya yi, "Ɗana, buɗe sura 4 aya 8 ka karanta mana." Elifaz ne, ɗaya daga cikin abokan Ayuba uku da suka zo yi masa ta'aziyya, yake gaya masa cewa masu noma mugunta ita suke girba. Ya ce in wuce sura 8 aya 4. Bildad ne, abokinsa na biyu, yana duban mutumin da ya rasa ƴaƴa goma rana ɗaya, yana ce masa idan ƴaƴan sun yi zunubi, to hukuncinsu ne suka karɓa. Sai ya kai ni sura 42 aya 7, inda Allah ya ce wa Elifaz yana fushi da shi da abokansa biyu, don ba su faɗi gaskiya a kansa ba kamar yadda bawansa Ayuba ya faɗa. Ayuban da ya la'anci ranar haihuwarsa, ya nemi Allah ya zo su tsaya gaban shari'a, shi aka ba gaskiya. Masu kare Allah da baki su ne suka sha tsawa.

Bahaushe ya ce alhaki kuikuyo ne, mai shi yake bi. Na yarda da wannan har gobe. Kuskuren su Elifaz, kuma kuskurena, shi ne juya maganar baibai: duk wanda muka ga ya faɗi sai mu ce alhaki ne ya kama shi. Yesu ma ya toshe wannan hanya a Luka 13, da ya tambaya ko mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗo a kansu sun fi sauran mutanen Urushalima laifi, ya amsa da kansa ya ce a'a.

A daren nan barci bai zo mini da wuri ba, kuma ba Tillia kaɗai ce ta hana ni ba. Daminar da ta wuce, wata dattijuwa maƙwabciyarmu ta rasa jikanta, masassara ta ɗauke shi cikin kwana uku. Na je gaisuwa da ayoyina a aljihu. Na ce, "Inna, Allah yana so ya koya miki wani abu ne." Ta dube ni ta ce, "Ɗana, da ya koya mini a jikina, ya bar yaron." A lokacin na ɗauka rashin bangaskiya ne. Yanzu da na karanta sura 13, inda Ayuba ya kira abokansa likitocin banza, ya ce da sun yi shiru da ya zama musu hikima, na gane da wa yake.

Abin mamaki, abokan nan sun fara daidai. Sura 2 aya 13 ta ce sun zauna da shi a ƙasa kwana bakwai, dare da rana, ba wanda ya ce uffan, don sun ga baƙin cikinsa ya yi yawa. Wannan ai zaman makoki ne irin namu. A shimfiɗa tabarma, ka zo ka ce ya haƙuri, ka zauna, ka tashi. Iyayenmu da ba su je lakwal ba sun iya shi. Sai mu masu karatu ne shiru ke yi mana ƙaiƙayi.

Tambayar tsohon sojan dai ba ta mutu ba. Baba Fasto ya nuna mana Asaf a Zabura 73, da ƙafarsa ta kusa zamewa don ganin mugaye suna ƙiba cikin lafiya, da annabi Habakuk mai tambayar har yaushe zai yi kukan zalunci ba a ji shi ba. Ya ce a Janairun 2015, da aka ƙone majami'u a Damagaram da Yamai, Habakuk kaɗai ya iya karantawa har mako guda. Ya kawo Romawa 12 aya 19, cewa ramuwa ta Ubangiji ce, ya kuma tuna mana sura ta gaba ta ba hukuma takobi don hukunta mai mugunta, saboda haka neman a kama makasa ba ƙin haƙuri ba ne. Sojan ya girgiza kai, bai gamsu ba. Ni ma sai rabi. Ko ƙarshen Ayuba har yau yana tsaya mini a wuya: an ninka raƙuma zuwa 6,000, an ba shi wasu ƴaƴa goma, amma goman farko suna kabari.

Ranar Asabar na shiga gidan Inna ba littafi a hannu. Tana tsince yakuwa a bakin ɗaki. Muka gaisa, na ja kujera ƴar tsugunno na zauna. Ta tura mini rabin ganyen, muka yi ta tsinta har aka kira magariba a masallacin unguwa. Da zan tashi ta ce, "Yau ba wa'azi?" Na ce babu, Inna. Ta ce to in dawo jibi, akwai gyaɗar da za a ɓare.