Khal ɗin abarba: yadda muke haɗa shi da yadda muke ɗanɗana shi

Sana'armu haɗa khal ne daga abarba da mangwaro a nan Kaduna, kuma ba ma zuba yis na kanti. Yis ɗin da ke jikin ɓawon abarba shi ke cinye sukari ya mai da shi barasa, daga baya wasu ƙwayoyin bakteriya masu son iska su mai da barasar ta zama khal. A Beljiyam, a kewayen Brussels, da irin wannan yis na iska suke haɗa wata giya mai tsami, su ajiye ta shekara 1 zuwa 3 a gangar katako, wani lokaci su zuba mata 'ya'yan ceri. Su a nan suke tsayawa, suna tsare ta daga iska. Mu kuwa iskar muke nema, don sai ta ratsa ruwan yake zama khal.

Duro shi ne abu na farko. Gangar katako tsada gare ta, don haka da duron roba mai lita 50 muke aiki, wanda aka san abinci ya ɗauko. Duron da ya taɓa ɗaukar sinadari ko mai, ko kyauta ne kada a karɓa, domin tsami yana janyo abin da robar ta sha. Ƙarfe ma haka: khal yana cinsa, ruwan ya yi baƙi.

Duro ɗaya yana cin abarba nunanniya kilo 15 haɗe da ɓawonta, ruwa lita 20, da sukari kilo 2. A Kasuwar Station ana samun wadda ta nuna sosai da sauƙin kuɗi, amma a yanke duk inda ya ruɓe. In ruwan famfo ne, a tafasa shi ya huce, saboda kulorin yana kashe yis. A bar kusan kashi ɗaya cikin huɗu na duron babu komai, don kumfa tana tashi. A ɗaure bakin da ƙyalle mai tsabta, a riƙa motsawa da muciya safe da yamma. Ɓawon da aka bari yana iyo a sama ya bushe, shi ke kawo fumfuna. Bayan kwana 7 zuwa 10 kumfa za ta kwanta, sai a tace. Ruwan wannan mataki barasa ce, ba na sha ba ne, ba na sayarwa ba ne. Nan take ake zuba masa tsohon khal lita 3 wanda ba a dafa ba, a mayar da ƙyalle, a daina motsawa gaba ɗaya.

Cikin mako biyu wata fata mai santsi za ta shimfiɗu a saman ruwan, ita ce uwar khal. In aka girgiza duron ta nutse, aiki ya koma baya sai wata ta fito. Ƙwayoyin sun fi son zafi tsakanin digiri 25 da 30. A bazara mako 4 kan isa, amma a ajiye duron a inuwa, don zafin Maris da Afrilu na iya tsayar da su. Da hunturu kuwa a kan kai mako 8, musamman in ba a lulluɓe jikin duron da bargo da dare ba.

Ɗanɗanawa ita ce wurin da mai sana'a yake bambanta da mai gwaji. Daga mako na uku, duk mako a ɗebo kaɗan ta gefen uwar, a zuba cokali ɗaya a cokali uku na ruwa cikin kofin gilashi. Hanci ke fara aiki. In ana jin wari irin na sinadarin goge jan farce, bai gama ba, a ƙara masa mako. In ya gama, ƙanshin abarba ne ke fara zuwa, tsamin ya biyo baya ya tsaya a gefen harshe, ya ɗan taɓa maƙogwaro ba tare da ƙuna ba. Bauri kaɗan daga ɓawo yake, yana raguwa da ajiya. Abin da ya fi jawo asara shi ne khal da ya yi ƙarfi wancan mako, wannan makon kuma ya fara zama salam. Ƙwayoyin sun rasa abinci, sun koma cin tsamin da suka yi. Ranar da aka ji tsami ya daina ƙaruwa, ranar za a tace a rufe ruf. Fumfuna mai gashi, kore ko baƙa, ba ta da gyara, a zubar da duron duka.

Harshe ba ya ba da lamba. Khal na abinci yana buƙatar tsami aƙalla kashi 4 cikin 100, kuma takardar gwajin pH, wadda ke canja launi in an tsoma ta a ruwa mai tsami, ba ta auna wannan, sai an kai samfur ɗakin gwaji. Mai son sa shi a kanti sai ya yi rajista da NAFDAC.

Bayan tacewa muna cika jarkoki har baki, mu ajiye wata 3 zuwa 6 a wuri mai duhu. Kaifin yana laushi, laka ta kwanta, launin ya koma ruwan zuma. Mai son citta, busasshiya ta Kachiya giram 100 ta ishi lita 10, a tsame ta bayan mako biyu. Kafin zubawa a kwalba, a ɗumama shi a tukunyar da ba ta tsatsa zuwa digiri 65 na minti 30, amma a fara ware lita 3 ɗanye na duro mai zuwa.