TARIHIN RAYUWATA, kashi na 31: Ummi da ajin lissafi

Assalamu alaikum 'yan uwa, ku yi haƙuri da jinkirin wannan makon, tsohuwar da nake kula da ita ce aka kwantar a asibiti, kwana uku ina can ko wayata ban samu na duba ba. Wancan makon mun tsaya inda muka tare a sabon gida a Bronx da ke birnin New York, to yau zan tsallako da ku ƙarshen 2022, don abin da ya faru tsakanina da 'yata Ummi a lokacin har yau in na tuna sai na ji kunyar kaina.

Ummi tana aji 10 lokacin, kamar SS1 ɗinmu na gida ke nan, shekararta 15. A nan darasi ɗaya sai a raba shi gida biyu, akwai ajin kowa da kowa, akwai kuma wanda suke ce wa onas, na yaran da ake ganin kansu yana ja, karatun kusan ɗaya ne amma su da gudu ake tafiya da su kuma tambayoyinsu sun fi zafi. To aka saka Ummi a onas na Aljebra 2. Ranar da takardar ta zo wallahi ko zama ban yi ba na ɗauki hotonta na tura gurup ɗin gidanmu, Hajiya ta turo saƙon murya na minti huɗu daga Kano har da guɗa, tana cewa takwarata likita, takwarata likita. Abbansu kuwa washegari ya je ya sayo mata kalkuleta TI-84, sama da dala 100, mutumin da in takalminsa ya fashe sai ya liƙe shi da gam.

Wata na farko lafiya lau. Daga Oktoba na fara ganin canji, yarinyar da ke dawowa tana zuba kamar kanya ta koma shiru, duk ranar da za su yi gwaji sai ta tashi da ciwon ciki, ni kuma in jiƙa mata kanwa in ce maza ki wuce kar jirgi ya tafi ya bar ki. In ina mata kitso sai in ga gashi cike da matajin, na ce sanyi ne. Komai sai na samo masa dalili.

Wani dare na fito shan ruwa wajen ƙarfe biyu, hitar gidan nan tana ta ƙwanƙwasa kamar maƙera, sai na tarar da ita a teburin kicin ta yi barci a kan kalkuletar, da na ɗago ta shatin madannan ya fito raɗau a kumatunta. Ƙarƙashin hannunta takardar gwaji ce an ninke ta gida takwas, na warware, 47. A makarantun gwamnati na New York sai ka kai 65 ake cewa ka ci. Na buɗe jakarta na sami wata 52, wata 58, duk a ninke ƙanana kamar laya. Kun san me na fara ce mata? Ba sannu ba. Cewa na yi yanzu me zan gaya wa Hajiya.

A Nuwamba aka yi ranar ganawar iyaye da malamai, na roƙi wata 'yar Kumasi da muke aiki tare ta riƙe min tsohuwata na je. Malamin lissafin dattijo ne mai sanyin magana, bai yi min dogon turanci ba, ya ɗauko farar takarda ya rubuta x² − 5x + 6 ya miƙa wa Ummi ya ce ta raba shi. Ta riƙe fensir, ta rubuta ta goge, ta sake rubutawa, ina jin ƙarar agogon bango, sai da ta kusa minti biyu kafin ta samo (x − 2)(x − 3). Ya ce daidai ne, amma wannan aikin aji 8 ne, yaran ajinsa kallo ɗaya suke masa su wuce, ita kuma kafin ta gama wannan an riga an kai layi na biyar a allo. Ya tambaye ta yaushe ta yi Aljebra 1, ta ce 2020 zuwa 2021.

Nan na ji jikina ya mutu. Shekarar korona ce. Shekarar da ta yi karatu a kan gado da iPad ɗin da makaranta ta ba su, ƙannenta biyu suna tsalle a kanta, intanet yana ɗaukewa, ni ina wurin aiki don mu ba a taɓa ce mana mu zauna a gida ba. Kuma a shekarar duk yaron da ya ci darasin a aji an yafe masa jarrabawar jiha da ake kira Regents, don haka ba wanda ya taɓa gwada ta da gaske. A aji 9 ta yi jometiri ta ci da kyau, shi zane ne da kusurwa da hujja, ramin bai nuna ba. Sai da aka zo Aljebra 2 aka fara ɗora log da wata lamba i da suke cewa wai ba ta wanzu ba amma ana lissafi da ita, a kan tubalin da bai bushe ba.

Ni da na ji log sai da gabana ya faɗi, don na tuna ɗan littafin nan na fo figa tebur da muke bi da rula a SS2. Ban taɓa gaya wa yarana ba, amma ku yau zan gaya muku, F9 na ci a lissafi a WAEC ta 2001. Sauran darussa na samu, lissafin nan shi ya hana ni makarantar nas, kafin in sake zama aka kawo kuɗin aurena. Yau ga ni ina juya tsofaffi a gado ina canza musu zani, aikin nas ɗin ne dai amma ba takarda ba albashin.

Daga wurinsa muka je wurin malamar da ke ba ɗalibai shawara. Ita ta shimfiɗa mana komai. Ta ce in za a canza aji sai ƙarshen Janairu lokacin da ake shiga zango na biyu. Ta ce ajin kowa da kowa ma Aljebra 2 ɗin ce, kuma Regents ɗin da za su zauna a Yuni iri ɗaya ce sak, takarda ɗaya rana ɗaya, in ta ci ta haɗa da sauran sharuɗɗa za ta iya samun babbar difloma ta jiha, kuma hanyar kalkulas a aji 12 ba ta toshe ba. Amma ba ta ɓoye mana ɗaya gefen ba, ta ce jami'o'i suna duba ko yaro ya ɗauki darussa masu wuya, kalmar onas za ta fita daga takardarta a lissafi, komawa ciki ba sauƙi, jadawalinta zai iya hargitsewa ta rabu da ƙawayenta. Ta ce amma 60 a onas ba ta fi 85 a ɗaya ajin kyau a idon kowa ba. Ta ba ni fom ta ce iyaye su sa hannu kafin hutun Disamba.

Abbansu da na gaya masa ko kallon fom ɗin bai yi ba. Ya ce Maman Ummi, kowa ya ci zomo ya ci gudu, mu da fitilar ƙwai muka yi karatu, ba ja da baya na kawo su ƙasar nan su koya ba. Ya ce a nemo mai koyarwa a gida, na ce na tambaya dala 40 ne awa ɗaya, ya ce zai ƙara awa uku a tuƙin dare. Mutumin da tun azahar yake cikin mota har asuba, ga ciwon baya. Kuma ba zan ce ba shi da gaskiya kwata-kwata ba, na san yaran da aka sassauta wa sau ɗaya suka miƙe ƙafa.

Mun gwada mai koyarwar sau huɗu, wani ɗalibin jami'a. Ya ce tana ganewa sarai, amma shi yana gyara na aji 8 ne ajin kuma yana ƙara gaba, kamar mai ɗinke ɓarakar buhu ana ta zuba masa hatsi. Fom ɗin ya yi sati uku ƙarƙashin gwangwanin sukari.

Daren Alhamis ta ƙarshe kafin hutu ina tuƙa tuwo tana yanka min kuɓewa, kawai na ji bakina ya ce Ummi, ke me kike so? Ta ajiye wuƙar ta dube ni, ta ce Mama tun Satumba ba wanda ya tambaye ni. Ta ce tana son lissafi, so take ta gane shi, amma a ajin nan kullum ji take kamar ana magana a bayan ƙofa. Ta ce ta so ta faɗa tun tuni, sai ta tuna muryar Hajiya. Sai na kashe wutar na zauna a ƙasan kicin na ba ta labarin F9 ɗina tun daga farko, ta zaro ido ta ce ke Mama? Muka yi dariya har da hawaye, tuwon ya yi gudaji.

Da ta kwanta na ɗauko fom ɗin na sa hannu a layina, na bar layi na biyu, na ajiye shi kusa da filas ɗin shayinsa. Ban yi barci ba. Wajen biyar da rabi na ji mukullinsa, na ji ya ja kujera, shiru ya yi tsawo har na ɗauka ya yi barci a zaune. Da na leƙo sai na ga ya ninke takardar ya saka a aljihun rigar sanyinsa, ya ɗauki carbinsa ya fita masallaci, ko shayin bai taɓa ba.

Abin da ya dawo da shi, da wayar da Hajiya ta bugo ranar Asabar, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.