Salansar tsohuwar Mazda MX-5: abin da aikin ke koya wa mai gyara

Mazda MX-5 ta farko, wadda Amurkawa ke kira Miata, ta fito a 1989 da inji mai lita 1.6, daga baya aka ƙara shi zuwa 1.8, aka kuma daina ƙera wannan samfurin a 1997. Ke nan ko autar cikinsu ta kusa shekara talatin. Ƙaramar mota ce mai kujera biyu, cikinta kusa da ƙasa, kuma injinta na da juriya. Abin da ke fara gajiya shi ne abin da ke rataye a ƙarƙashinta: salansa.

Darasin farko shi ne kada a yarda da ramin da ido ya gani. Mai mota zai zo ya ce salansa ta fashe, mai walda ya leƙa, ya liƙe, bayan wata biyu a dawo da wani ramin kusa da na farko. Tukunyar baya, wato gwangwanin da ke rage ƙara a ƙarshen salansa, daga ciki take ruɓewa. Duk litar fetur da inji ya ƙona tana fitar da kusan litar ruwa a matsayin tururi. Idan tafiya ta yi nisa, bututun zai yi zafi ya kore shi. Idan kuwa motar ta ado ce, ana tayar da ita minti biyar a kashe, tururin zai koma ruwa ya kwanta a ƙasan tukunya, ga shi da tsami, ya yi ta cin ƙarfe. Kafin rami ya bayyana a waje, abin da ke kewaye da shi ya zama kamar takarda. A ƙwanƙwasa da ƙaramar guduma: ƙarfe mai lafiya yana amsawa da ƙara, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji "bub", wani lokaci ma kan gudumar ya shige. Irin wannan ba ya ɗaukar walda, sai canji. Motar da ta yi rayuwarta a Ingila ko arewacin Amurka, inda ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, tsatsa ta ci ta ciki da waje.

Tsagewa kuma daban take da ruɓewa. Idan bututu ya tsage daidai bakin walda ko kusa da mahaɗa, motsi ne ya karya shi. A duba robobin da salansa ke rataye a kansu, a duba kuma robobin da inji ke zaune a kai. In ɗaya ta yanke, inji zai riƙa juyawa duk lokacin da aka taka totur, bututu ya riƙa lanƙwasa har ya gaji. Wanda ya sa sabon bututu bai canza robar ba ya sayi matsalar karo na biyu.

Gano inda iska ke fita ba ya buƙatar na'ura. A tayar da inji yana sanyi, wani ya toshe bakin salansa da tsumma na ɗan lokaci, a shafa ruwan sabulu a mahaɗai, inda ya yi kumfa nan ne. Baƙin kunkunniya a gefen mahaɗa shi ma shaida ne. Ƙarar "tik-tik" da ake ji da safe, ta ɓace idan inji ya ɗumama, yawanci manifol ne, wato bututun da ke tattara hayaƙi daga jikin inji, ya tsage ko gasket ɗinsa (shimfiɗar da ke toshe mahaɗa) ya ƙone, domin zafi na sa ƙarfe ya kumbura ya rufe tsagar. Ƙarar gwangwani kuwa a wani matakin gudu sau da yawa murfin kare zafi ne kusarsa ta ruɓe. A ɗaure shi, kada a cire a yar.

Wurin da tsagar take ya fi girmanta muhimmanci. Idan tana gaban sansar iskar oksijin, wato na'urar da ke auna oksijin a cikin hayaƙi, iskar waje na shiga, sansa ta gaya wa kwamfutar inji cewa mai ya yi kaɗan, ita kuma ta ƙara. Sai mota ta fara shan mai, fulogi ya yi baƙi, ɗanyen fetur ya tafi ya ƙone a cikin matatar hayaƙi, wadda makanikai a Najeriya ke kira indomi, har saƙar da ke cikinta ta narke ta toshe hanya. Alamar toshewa ita ce mota ta yi lafiya a tsaye amma ta ƙi ja a hawa. Fasa indomin a zubar ba magani ba ne: hayaƙin zai ƙara guba, kuma a motocin 1996 zuwa sama da aka yi wa kasuwar Amurka akwai sansa ta biyu a bayanta, wadda za ta kunna fitilar gargaɗin inji da lambar matsala P0420. Ga kuma hatsarin iskar kabon monoksaid da ke fita ta tsagar, wadda ba ta da wari, ba ta da launi, a mota mai rufin yadi da kujera kusa da ƙasa.

Amma yawancin wahalar aikin ba a bututun take ba, a kwance kusoshi take. Noti da ya sha zafi da ruwa shekara talatin ya zama abu ɗaya da kusarsa. A goge da burushin waya, a fesa man sassauta tsatsa tun daren jiya, a sake fesawa da safe. A yi amfani da soket mai kusurwa shida, yawanci lamba 14, domin mai kusurwa goma sha biyu zai murje kan notin. A ɗan ƙara ɗaurewa kaɗan kafin a fara kwancewa, sannan a riƙa kai da komo. In ya ƙi, a gasa notin kansa da wutar gas har ya yi ja, ba kusar ba. Kusoshin mahaɗan ƙasa ba su cancanci wahala ba, a yanke su a sa sababbi. Na jikin kan inji ne ake lallaɓawa, domin kan na alminiyam ne. Idan kusa ta karye a ciki, hanya mafi aminci ita ce a ɗora noti a kan guntun, a cika tsakiyarsa da walda, a bari ya huce, a juya. Zafin waldar kansa na taimakawa. Huda da injin huda yana son hannu mai natsuwa, in ya kauce kaɗan ya ci zaren alminiyam. Ƙarfen ciro kusa kuwa, in ya karye a ciki, ya fi kusar tauri, aikin awa ɗaya ya koma na kwana biyu.

Kafin walda a cire kan batir. A wannan motar yana cikin but. A maƙala wayar ƙasa ta injin walda kusa da inda ake aiki, a kuma tuna tankin mai yana bayan kujeru, sama da inda bututun ke wucewa. In da hali, a sauke bututun a yi waldar a ƙasa. Sansa kuma a cire ta da sifana lamba 22, bayan an zare fulogin wayarta, don kada wayar ta murɗe ta tsinke.

Wajen sayen sabon bututu, ƙarfen da ba ya tsatsa iri biyu aka fi samu. Mai lamba 409 yakan yi ja-ja a waje amma yana daɗewa, mai lamba 304 ya fi shi tsada da juriya. Faɗin inci 2 zuwa 2.25 ya ishi wannan injin. Masu son inci 3 ƙara kawai suke saye, tare da gurnani mai cika kunne a doguwar hanya, ga ƙarfin tashi ya ragu.

Haɗawa na da tsari. Gasket sabo kowane lokaci, a kankare fuskokin mahaɗa su yi sumul. A rataye komai a kan robobinsa, kusoshi duk a sake, a daidaita har a samu tazarar kamar yatsa biyu tsakanin bututu da jikin mota, sannan a ɗaure daga inji zuwa baya. Wanda ya fara daga baya zai ƙare yana jan bututu da ƙarfi ya haɗu, kuma nan ne zai tsage. Tazarar dole ce, domin salansa tana ƙara tsawo da kusan santimita ɗaya idan ta yi zafi. Notocin manifol ana ɗaure su daga tsakiya zuwa gefe, kimanin niyuton-mita 40, da ɗan giris mai haɗin tagulla a zarensu, amma kada ya taɓa kan sansa. Bayan mota ta yi zafi ta huce sau biyu ko uku, gasket zai kwanta, sai a sake bin kusoshin da sifana, a kuma leƙa ko akwai sabuwar kunkunniya a bakin mahaɗai.