Tagidda-n-Tesum, ƙauyen da ke cin abinci da gishiri

A yammacin duwatsun Azbin, cikin jihar Agadas ta Nijar, akwai wani fili shimfiɗaɗɗe mai laka da ake kira Irhazer. Nan Tagidda-n-Tesum take, sama da kilomita 80 arewa da Ingal. Ba gona, ba inuwar kirki, ruwan rijiyoyinta ma zartsi ne, na sha daga nesa ake ɗauko shi. Gishiri kaɗai ya zaunar da mutane a wurin.

Ba haƙo shi ake yi dunƙule ba, daga ƙasa ake wanko shi. A ɗebo ƙasa mai gishiri a zuba a babban gurbi, a kwarara mata ruwan zartsi, a tattake da ƙafa har ta dame. Sai a bar ta ta kwanta. Ruwan da ya taso sama shi ake kwashewa zuwa ƙananan gurabu, ɗaruruwa jere, wasu ja wasu ruwan ƙasa, rana ta yi aikinta. Wurin da sabon hannu ke yin asara shi ne ɓawon da ke daskarewa a saman ruwan: in ba a yayyafa masa ruwa ya fashe ya nutse ba, ya rufe gurbin ke nan, ƙafewa ta tsaya. Wanda kuma ya yi gaggawar kwasa kafin laka ta kwanta, gishirinsa rabi ƙasa ne. Abin da aka tara mata ke cuɗawa su fasalta shi, ya bushe, a ɗora wa raƙuma. Galibinsa na dabbobi ne. Tsibin da ke kewaye da wurin kuwa ba tudun Allah ba ne, ƙasar da aka gama wankewa ce ake jibgewa shekara da shekaru.

Da damina ta sauka aiki ya tsaya, laka ta cike gurabun, yawancin ma'aikata su koma Ingal, inda makiyaya ke taruwa bikin lasar gishiri wajen Satumba.

Masu sana'ar Tasawak suke ji, harshe mai tushen Songai da ya ari kalmomi da yawa daga Tamajak, harshen Abzinawa. Asalinsu na komawa Azelik da ke kusa, wadda masana da yawa ke ɗauka ita ce Takadda, garin tagullar da matafiyin nan Ibn Battuta ya sauka a 1353. Tagulla ta ƙare, garin ya watse. A Azelik ɗin ne wani kamfanin haɗin gwiwa da Sin ya buɗe mahaƙar yuraniyom, ta yi 'yan shekaru ta tsaya.