Digiri 27

Da safe ina ta fara'a, har Auta ta tambaye ni ko kuɗin bursu ne suka faɗo. Ina! Layin nan mai lanƙwasa na gwajin da'irar lantarkin da nake tsarawa, wanda ya hana ni sakat, shi ne ya miƙe a kwamfuta.

Masu bibiyata sun san da'irar: a ba ta lamba, ita kuma ta matsar da bugun agogo, wato siginar da ke tsara lokaci a cikin na'ura, gaba ko baya gwargwadon lambar. Irinta ce ke cikin USB da PCIe, hanyoyin da sassan kwamfuta ke aika wa juna bayanai, tana sa mai karɓar saƙo ya karanta kowane bit a tsakiyarsa, ba a bakin gaɓa ba. Tawa na aiki da agogo mai gigahaz 1, wato tsawon bugu guda pikosakan 1000. Bit 7 sun raba shi gida 128, kowane taki pikosakan 7.8, ko digiri 2.8 cikin 360 na zagayen bugu guda. Haske da kansa milimita 2 da ɗan kai kawai yake ci a wannan lokaci.

Takin na samuwa ne idan aka gauraya agogo biyu masu tazarar digiri 90, kuma gaurayar ba ta tafiya a miƙe. Ka ba agogo na biyu kashi ɗaya cikin huɗu kana jiran digiri 22.5, sai 18.4 ta fito. Digiri 4 sun salwanta, sun fi taki guda. Malamina, Mushe, ya ce in yi agogo 8 masu tazarar digiri 45, kuskuren zai sauko ƙasa da rabin digiri. Gaskiyarsa. Sai dai kowane agogo da layinsa da transistocin da ke tura shi, kuma kowane bugu sai sun sha wuta. Na tsaya kan agogo 4, na ƙara bit 2 daga ciki, na sa teburin lambobi mai gyara lambar tun kafin ta isa wurin gauraya. Tebur ba ya motsi sai lamba ta sauya, cinsa kaɗan ne. Yau ngspice, manhajar gwada da'ira a kwamfuta, ya ba ni abin da lissafin takarda ya alkawarta.

Fankar kwamfutar kuma ta dame ni da gurnani. Kabu-kabu, sai kasuwa, rumfar Kawu.

Na same shi ya buɗe cikin wata waya yana ɗiga mata alkol, yana duban inda zai fara bushewa, don nan ne abin da ke zafi yake. Muka gaisa. Ban ma jira ya tambaya ba na buɗe masa hoton layin, na da da na yanzu, ina ta zuba. Ya saurara, hannunsa bai tsaya ba. Da na kai aya ya ɗago gilashinsa.

"To, injiniya, a wane zafi ka auna?"

Na ce, "Digiri 27, Kawu. Da shi ngspice ke farawa in ba a sauya masa ba."

Ya yi dariya har da tari. "Ashirin da bakwai? Ɗana, yaushe rabonka da ashirin da bakwai a Maraɗi da rana? Sai hunturu. Taɓa kwanon rumfar nan ka ji."

Na ce ku yi haƙuri, gwajin zafi yana gaba, ana yin sa tun daga 40 ƙasa da sifiri har 125, kowa ya sani. Ya ce shi bai san wannan ba. Abin da ya sani, daga Maris zuwa Mayu teburinsa ba ya rabo da wayoyin ƴan kabu-kabu da na masu cajin waya a rana, kuma rabinsu in suka kwana a inuwa sai su farfaɗo kamar ba su ba. "Abu ne yana da hali biyu," in ji shi, "na sanyi daban, na zafi daban. Teburinka na wanne ne?"

Nan na yi shiru. Ya hure ƙurar fankar, ya ce in dawo Juma'a ya sa sabuwa, jika biyu, ba ragi ko don Inna.

Tun a kan babur maganar take cina. Ba don ban san zafi na rage saurin transista ba, wannan karatun shekarar farko ne. Abin da ya tsaya mini shi ne tebur lambobi ne daskararru. An lissafa su bisa siffar igiyar agogo guda ɗaya. Zafi ya hau, hawa da saukar bugun su yi nauyi, siffar ta sauya, lanƙwasar ta koma wani wuri, tebur kuwa yana nan yana gyara kuskuren jiya. Agogo 8 na Mushe ba su damu sosai ba, tun asali tazararsu gajera ce. Wato wutar da suke sha ba a banza take tafiya ba.

Mafita akwai: a sa wata ƙaramar da'ira ta riƙa auna takin tana sabunta teburin ana cikin aiki. Ita ma sai ta ci. Nawa? In cinta ya kusa na ƙarin agogo 4, me na yi ke nan tun watan azumi?

Ga kuma burina na sauke bolt daga 1.8 na SKY130, fasahar ƙera transistocin da nake aiki da ita, zuwa 1.5. Wutar da ake ƙonawa wajen kunnawa da kashewa tana bin bolt sau bolt, don haka kusan kashi 30 cikin 100 za a tsira da su. Amma bugu mai sanyin jiki ya fi rawa, kuma rage rawar da hayaniyar zafi ke jawowa zuwa rabi na neman wuta kusan ninki huɗu. Ko ta ina ka ja bargon, wani gefe ya buɗe.

La'asar aka ɗauke kuran. Fada ban je ba. Dambun zogale, ban ji daɗinsa ba, ba laifin Inna.

Yanzu na saka gwajin a 45 da 85, batir ya nuna saura rabi, fanka na kuka. Laraba zan ga Mushe, kuma tun yanzu ina jin yadda zai ce "agogo takwas" yana kaɗa biro. Ba zan faɗa masa daga rumfar wa tambayar ta fito ba.